Shanun Na Wa Ne?

Nuriyya ɗiyar ƙanena Jimrau ce, kuma ni na rene ta, don ita ce ta fari. Mu muka koya mata kawaici, muka koya mata har ya wuce gona da iri. Yaro ba ya tambayar babba, in ana magana ya sunkuyar da kai. To ga ta ta kai jami'a a Maradi, tarbiyyar tamu ta zo tana neman kayar da ita.

Ta zo Dakoro ɗan hutu da takardun fotokopi a jaka, fuska a murtuke, ko fura ta ƙi sha. Na tsare ta a gindin rumbu sai da ta faɗa mini. Wani malaminsu mai suna Abarci ba ya yin irin egzama, wato jarabawar hadda, da ta saba cinyewa. Yakan ba su karatu, kowa ya dawo da tambaya guda, ya miƙe ya yi ta a gaban aji. Sau biyu ana kiran sunanta tana yin shiru. In ta sake ranar Litinin, ta faɗi darasin, sai maimaita shekara.

Na ce, "Tambaya har wuya gare ta? Ni da ban shiga lakol na yi boko ba ina yin ɗari kahin hantsi."

"Gwaggo, ya ce wadda amsarta ke cikin takarda ba tambaya ba ce."

Na ce ta karanta mini in ji. Tana karantawa da Faransanci tana juya mini da Hausa, ina tsince wake. Marubucin ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Ya zagaya rugage da kasuwanni, ya ƙirga garken kowane maigida. Sai ya ce in fari ya zo, makiyayan ƙasarmu ba sa sakin dabba da wuri, sai ta zama ƙashi da fata, ta rasa mai tayawa. Wai son yawan garke ne ke hana su.

Raina ya ɓaci, don maganar ta taɓa gidanmu. A farin da aka yi lokacin Nuriyya tana ƙarama, Jimrau ya rasa fiye da rabin garkensa, har yau kuma akwai masu cewa taurin kai ne ya ja masa. Na fara yi wa takardar faɗa kamar tana da kunne. Nuriyya ta ce faɗa ba tambaya ba ne. Ta koma wurin ƙirgar nan ta karanta, ta sake karantawa, leɓenta na motsi. Can ta ɗago kai.

"Gwaggo, shanun da suka mutu hannun Baba, duka nashi ne?"

Na san amsar sarai, amma ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Na ce, "Ga shi can wajen turke, tahi ki tambaye shi."

Ta dube ni kamar na ce ta faɗa rijiya. Tsakanin uba da ɗiyar fari sai gaisuwa, ita ma daga nesa. Duk abin da take so a wurinsa ta bakina yake bi. Na ce mata yau bakin nawa ya gaji. Wadda ta kasa tambayar ubanta a cikin gida, ina za ta iya a gaban aji cike da baƙin fuska?

Ta je. Ta durƙusa can gefe, ta yi masa tambayar. Jimrau na zuba wa rago dusa, ya tsaya da ƙwarya a hannu. Har na fara tunanin na yi karambani. Sannan ya amsa, idonsa a kan ragon.

"Kaɗan ne nawa. Akwai na sadakin uwarki, akwai na marayun yayana. Akwai habbanaye ta Intalla na Badar Gula, saniyar da ya ba ni aro ta haihu, in riƙe maruƙa in maida mai uwar. Nawa tun da wuri na saida su na sayi hatsi. Sauran, da wane baki za ni saida abin da ba nawa ba?" Ya ajiye ƙwaryar. "Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayata."

Ranar Litinin da la'asar salulata ta yi ƙara. Nuriyya ce daga Maradi. Ta ce ta miƙe a gaban aji, ta ce marubucin ya ƙirga shanu gida-gida amma bai faɗi na wa ne ba, shin mai kiwon dabba shi ke da ikon sayar da ita? Malam Abarci ya juya takardun, ya ce amsar ba ta ciki. Ya rubuta tambayar a allo, aji ya cinye sauran lokacin a kanta. Ta ci darasin.

Ni dai na rangaɗa guɗa, maƙwabta su ji, don alfahari ya cika ni fal. Jimrau ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Bai tambayi makin da ta samu ba.

"Ta yi ta gaban mutane duka?"

"Gaban kowa, kuma tsaye."

Ya gyaɗa kai, ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"To, ki ce mata in tana da wata, ta taho da kanta."