Sakatar Lokar Gaba

Shekara goma sha ɗaya Baba Direba ya yi yana jan a-kori-kurar kamfanin abincin kaji, kuma a huɗun ƙarshe lokar gaba ba ta buɗuwa, wato ƙaramar durowar nan da ke gaban kujerar fasinja. Wata rana ce kawai sakatarta ta cije. Ya ja, ya sake ja, ta ƙi, sai ya mayar da takardun mota cikin leda ya tura ƙarƙashin kujera, ya manta da ita. Abin da ke cin ransa birki ne. Sai ya taka sau uku kafin motar ta gane da ita ake. Ya rubuta takarda ya sake rubutawa, mai sito yana karɓa yana cewa an tura sama. Manaja biyu suka zo suka tafi, amsa ba ta sauko ba.

Na ukun ya zo da sabuwar jaka da manyan kalmomi. Ran da ya fara shiga motar, za su gonar wani mai kiwon kaji, ya cire tabarau zai ajiye a loka. Ya ja da yatsa biyu, ya ja da hannu, ya dafa ƙafa ya ja. Da ya ji shekarun da ta yi a rufe sai ya yi murmushi, irin murmushin wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ya ce wannan loka ita ce hoton wannan reshe na kamfanin gaba ɗaya, daga kanta gyara zai fara. Baba Direba ya ga ƙofar magana ta buɗe, ya sako zancen birki cikin ladabi. Manaja ya ɗaga hannu ya ce a bi abu daki-daki.

Washegari aka yi taro a ofishinsa, da mai sito da sakatariya, Baba Direba na tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu. Mai sito ya ce shi ma ya daɗe yana lura da lokar, yana jiran shugaba mai hangen nesa ne. Sakatariya ta rubuta. Aka shafe awa guda ana muhawara kan ko a kira abin gyara ko farfaɗowa, farfaɗowa ta yi nasara. Bayan taro mai sito ya gwada da cokali, cokalin ya lanƙwashe. Ya tsiyaya man keken ɗinki a ramin, man ya gangaro kan takalmin Manaja. Daga nan aka amince a kira ƙwararre.

Ƙwararren ƙanin matar Baba Direba ne, makanike mai gareji a bayan kasuwar katako, wanda ya ɗaure wa motar nan salansa da waya har sau biyu. Ya leƙa ƙarƙashin lokar ya ce aikin minti goma ne. Manaja bai ji daɗin wannan ba. Ya ce a dakata zuwa Alhamis, a wanke motar, a jera ma'aikata, sakatariya ta zo da waya mai kyamara mai kyau.

Ran Alhamis makanike ya kwanta rigingine a ƙasan kujerar fasinja, ƙafafunsa a waje. Ya kwance kusoshi biyu da ke riƙe da murfin lokar daga ƙasa, murfin ya sauko a hannunsa. Murfin biro ne ya shige bayan harshen sakatar ya tokare shi, sifirin ɗin da ke tura harshen kuma ya yi tsatsa. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: tocila da batirinta ya zube, safar hannu ƙafa ɗaya, da tsohuwar taswira da ta manne da roba. Ya wanke sakatar da fetur, ya goga giris, ya kama sifirin da filaya zai lanƙwasa shi ya ƙara masa ƙarfi. A nan Manaja ya ce rana na juyawa, hoto zai yi duhu, a mayar haka. Makanike ya dubi mijin yayarsa, ya ɗaga kafaɗa, ya mayar. Manaja ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, aka yi tafi. Hoton da aka tura hedikwata Manaja ne riƙe da sukurdireba, makanike kuwa ƙafarsa kawai ta fito.

Baba Direba ya koma gida ransa a jagule. Matarsa ta ce ai ci gaba ne, yanzu in birki ya ƙi, yana da inda zai ajiye wasiyya.

Ran Litinin suka fita da Manaja, buhu talatin a baya. A mahadar hanya ta farko mai keke ya gilma. Baba Direba ya taka, ya taka, a na uku motar ta cafke gaba ɗaya, lokar ta wangale ta sauka kan gwiwar Manaja, tabarau ɗin da ya ajiye a ciki ya yi tsalle ya faɗi. Manaja ya rufe ta. A gangaren gada ta sake, a ƙofar gona ta sake. Da suka tsaya, Manaja yana murza gwiwa, fuskarsa ta canza. An riga an sa hoton a takardar labaran kamfani, kuma babban darakta zai kawo ziyara ƙarshen wata, ya ce yana son ganin motar da idonsa.

"Baba, mene ne wannan kuma? Mutumin naka bai iya aiki ba ne?"

Baba Direba ya san amsar. Sifirin ne da aka hana a gama lanƙwasawa. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tsaya ya gyara zaman hularsa.

"Ranka ya daɗe, gyaran da ka yi ba shi da aibu. Birki ne ke yi masa zagon ƙasa. Duk sanda ya fizgi mota, sakatar ce ke shan wahala."

Manaja ya maimaita zagon ƙasa a hankali, kamar yana ɗanɗana ta. Tun a cikin motar ya kira sakatariya ya ce ta buɗe sabon fayil, Farfaɗo da Loka, Kashi na Biyu. Takardar birkin da ta yi shekaru tana hawa sama, wannan karon a kwana biyu ta je ta dawo da sa hannu. Mai sito da kansa ya kawo kayan birkin gareji, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa shi tun farko birkin yake zargi.

Makanike ya yi yini guda a kai. Ya canza takalman birki, ya canza bututun da ke yoyo, ya zuba sabon mai, Baba Direba na ciki yana taka masa feda har iska ta gama fita. Da suka zagaya gwaji, taku ɗaya motar ta tsaya cak. Baba Direba ya daɗe riƙe da sitiyari.

Da suka dawo gareji makanike ya ɗauko filaya ya buɗe ƙofar fasinja. Ya ce tunda yau babu mai hoto, bari ya ƙarasa sifirin nan, ba zai kai minti biyu ba.

Baba Direba ya riƙe masa hannu. Ya sauko, ya zagaya gaban motar, ya tsuguna ya shafa tayar hagu da ta suɗe sumul har zare ya fara leƙowa.

"Bar shi tukuna," ya ce. "Taya in ta suɗe, ba ta girgiza loka?"

Makanike ya kalli tayar, ya kalli mijin yayarsa, ya mayar da filayar cikin akwati.

"Sosai ma, Yaya. Duka huɗun."