Rairayi a Kan Sunan Nabila

"Baba Baƙo, me kake yi wa albom ɗin nan?"

Rachida ta tsaya a bakin zaure, baki buɗe. Tsohon maƙwabcinta na zaune kan tabarma, yana barbaɗa rairayi a kan shafin hotunan sunan 'yarta Nabila. Duk Zangon Sokodé an san aikinsa na ƙawata albom, shi ya sa ta ba shi nata. Kan kowane shafi rubutu iri biyu yake yi masa: ajami da alƙalami daga dama, manyan haruffan boko da ya yanko a jarida daga hagu, su haɗu a tsakiya. Amma rairayi? Wannan kam ba ta taɓa gani ba.

"Bar shi ya bushe," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Gam bai kama ba tukuna."

Tun da ciwo ya kama shi ake cewa kansa ya fara juyewa. Jiya ma ya kira ta Gwamma, sunan matarsa da ta daɗe da rasuwa. Albom ɗin kuwa na Innarta ne da ke Dapaong, wadda ba ta taɓa ganin jikar ba, ga idonta kullum sai dushewa yake. Ta ƙwace kayanta, ko ta ƙyale mara lafiya? Ta rasa na yi, ta koma gida rai a ɓace har tuwo ya ƙone mata.

Washegari da safe ta jiyo kuka ta katanga.

Bayan an kai shi makwancinsa, ɗansa Djibril ya miƙo mata albom ɗin.

"Yi haƙuri, Yaya. Ban san abin da tsoho ke nufi ba. Ko a kankare?"

Ajamin kowane shafi ya yi tudu, ya yi kaushi. Ta ce a bari, ba don ta gane ba.

A Dapaong, Inna ta kai hoton har bakin hancinta, ta girgiza kai. An makara, idon ya tafi. Za ta rufe ke nan yatsanta ya taɓo rairayin. Ta bi shi daga dama a hankali, leɓɓanta na motsi.

"Nabila," ta ce, tana murmushi. "Wa ya yi wannan?"

Sai a lokacin Rachida ta gane nufin Baba Baƙo.

Inna ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. A nan rairayin ya ƙare a rabin kalma.

"Sauran fa?" ta tambaya, yatsanta na ta shafa takarda mai santsi.