Gawo a Gonar Aro

…to ai ba sata ta yi ba. Itace ta dasa. Itace fa! Liatu na durƙushe a gonar mahaifinta a Ƙarfi, tana haƙa gindin 'yan gawon da ta dasa makon jiya, a hankali, kada hauya ta taɓa saiwa. Ba za ta tuge su kamar ciyawa ba, ko kusa.

Gonar mahaifinta… haka ta taso tana cewa. Ashe baki ne kawai ya mallaka musu ita. Ta Malam Maiwada ce, aro ya ba Baba Istifanus tun ba a haife ta ba. Kuma ko yaro a Ƙarfi ya san ba a dasa itace a gonar aro. Dawa, to. Auduga, to — abin da za a girbe a tashi. Amma itace? Wanda ya dasa itace ya ce wurin nan nawa ne, ni da jikokina. Ta sani mana! Ta sani kamar yunwar cikinta, zumuɗi ne ya rufe mata ido.

Samaru, bayan ɗakin lacca. Su 'yan ƙungiyar dashen itatuwa ta jami'a, hannu duk taɓo, suna cusa ƙasa a leda. Shitu shugabansu, baki kamar rediyo: hamada na tafe, hutun nan kowa ya kai dashe garinsu! Tafi raf-raf. Shi ɗan birni, ina ya san aro? Ita ce ta rungumo kwalin dashe a motar Funtuwa, tana kare shi daga buhunan mutane, har wata tsohuwa ta tambaye ta ko ƙwai ta ɗauko…

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi! Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana murza hula. "Liatu, Malam ya aiko. Ya ce ko itacen, ko gonar."

Ko gonar. Ƙannenta su ci me?

To farin bara fa, me suka ci? Dawa ta bushe a tsaye, ko kai ba ta fitar ba — rumbu wayam — ƙasar nan ta gaji, fara fat, kamar toka. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganyensa, ya ba shuka taki ya ba ta rana, da rani awaki su ci 'ya'yansa. Wannan ba labarin Shitu ba ne, da idonta ta ga dawar gindin gawo ta tsira sauran sun mutu. A'a. Ba za ta zubar da su a kwalbati ba.

Tana jera su a daro, kowane da ƙasarsa. Ta ɗora a kai. Nauyi… wuyanta ya manta da kaya, boko ya lalata shi. A tafi dai. Dabarar mai sauƙi ce: tun da hannun da ya dasa shi ke da itace, Malam ya dasa da nasa. A gaban mai unguwa ma in yana so. Itacen nasa, gonar tasa, su dai su samu ƙasa mai rai. Za ta durƙusa, ta ce Baba Malam, ƙuruciya ce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ga zauren. Ga takalmansa a bakin ƙofa.

Sai gawon ya girma, ƙasa ta yi baƙi, dawa ta yi kai, kowa ya wuce ya ce kai, gonar wa ce wannan —

Gonar wa ce…

Shi ya sa Baba ba ya cika wa gonar taki? Duk shekarun nan tana cewa sakaci ne. Gonar aro in ta yi kyau, mai ita ke tunawa da ita. Malam na da 'ya'ya maza, duk sun isa noma.

Daron na danne mata wuya, ruwan taɓo na bin bayanta. Ta juya? Ina? Ai ta riga ta yi sallama, kuma daga ciki an amsa.