Itacen Wanda Zai Zo

A garinmu, idan aka ambaci Doña Fermina Antilef, kowa da abin da zai faɗa. Mai gidan burodi cewa yake tana jin ƙanshin dusar ƙanƙara tun saura kwana biyu ta sauka. Masu kiwon tumaki suna cewa babu dutsen da bai san tafin ƙafarta ba daga nan har iyakar Chile. Surukarta kuwa cewa take, "Ku rabu da ita, ta fi yi wa dutse magana a kan mutum." Ni shekara goma sha tara ina jan dawakin kaya a bayanta idan za ta kai masu hutu yawon ƙafa cikin tsaunuka. Abin da zan iya shaida shi ne ban taɓa ganin tana sauri ba, ban kuma taɓa ganin ta makara ba.

A shekarar da ta cika sittin da bakwai, mai kamfanin da ke turo mana baƙi ya haɗa ta da wani sabon jagora, Lisandro Quiroga. Ba a ɓoye mana dalili ba. Zai bi ta tafiyar kwana biyar, ya dawo ya faɗi ko har yanzu tana iyawa. In ya ce a'a, sandarta ta koma bayan ƙofa ke nan.

Ba zan rage wa Lisandro komai ba, mutum ne da ya taka ƙasar nan. Ya bi jajayen tsaunukan Salta, ya ratsa filayen gishirin Jujuy, ya kwana a dazuzzukan Misiones inda rugugin ruwa ke hana mutum jin muryar kansa. Baƙinmu shida suka yi na'am da shi tun ranar farko, musamman Don Evaristo, tsohon direban jirgin ƙasa daga Tucumán, mai tumbi da barkwanci.

Ranar farko muka bi ta cikin dajin itatuwan lenga har bakin Koren Tafki, inda wata bukkar katako take. Ba ta da mai ita, ba ta da kwaɗo. Muka tarar da busasshen itace a gefen murhu, muka hura wuta, muka gasa nama.

Da gari ya waye Lisandro ya ta da kowa. Akwai kogi a gabanmu wanda ke cika idan rana ta fara narkar da ƙanƙarar sama, dole a haye shi kafin tsakar rana. Na ɗaure kaya, baƙi sun saɓa jakunkuna, sai muka ji ƙarar gatari a bayan bukka.

"Kaka, me kuma kike yi?" in ji Lisandro. "Kogi fa ba zai jira mu ba."

"Na wani muka ƙona jiya. Mayarwa nake yi."

"Na wa? Wa zai biyo nan a makon nan?"

"Ai da na san shi, ɗana, da na bar masa wasiƙa."

Don Evaristo ya tuntsire da dariya, sauran suka taya shi. Abin ya sosa wa Lisandro rai. Ya juya wajen baƙi ya ce, "To kun ga abin da muke fama da shi. An nemi jagora, ashe mai faskare aka samu. Shekaru in sun ja, sai mutum ya zauna gida ya yi ta hura wutarsa."

Doña Fermina ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce da ni, "Nicasio, ja su ku tafi. Zan same ku a kogi."

Ta kuwa same mu, muna cikin kwance takalma. Ta ina ta biyo, ban tambaya ba.

Ruwan ya kai cinya, sanyinsa kamar wuƙa. Kowa ya haye lafiya sai Don Evaristo, wanda ya tsaya a tsakiya yana nuna mana wata babbar mikiya da ke shawagi a kan tsauni. Ƙafarsa ta zame, ya nutse har wuya. Lisandro ne ya damƙo shi, wannan ma dole a faɗa. Aka canza masa riga yana ta wasa, wai shekara arba'in matarsa na roƙonsa ya yi wanka da safe.

Amma muna fara hawa sai iskar yamma ta juya. Wanda ya zauna a nan Patagonia ya san yadda take yi. Cikin rabin awa rana ta ɓace, ruwa mai haɗe da ƙanƙara ya fara dukanmu a fuska. Saura tafiyar awa biyu zuwa bukka ta gaba. Na lura Doña Fermina ta koma can baya, ta jera da Don Evaristo tana jan sa da hira. Da ya daina ba ta amsa, ta karɓi jakarsa ta ɗora a kan tata. Mutumin da bakinsa bai huta ba tun jiya ya yi gum, leɓensa ya yi shuɗi, yatsunsa sun kasa riƙe sanda.

Lisandro ya riga kowa isa bukkar. Na ga yana dube-dube a waje, amma duk wani reshe da ke wurin ya jiƙe sharkaf. Ya tura ƙofa da kafaɗa, sai ya tsaya cak.

Itace ne jere har tsayin ƙugu, busasshe ƙayau. A cikin murhu an riga an shirya ƙirare da ɓawon itace, jira kawai suke. A kan kanta ga ashana cikin kwalba a rufe, ga ɗan ganyen shayin mate a ƙulle cikin leda. Tsinke ɗaya ya ƙyasta, wuta ta kama.

Sai da aka naɗe Don Evaristo da barguna, ƙoƙon mate mai zafi ya zaga sau biyu, har ya fara ƙorafin cewa babu sukari, sannan Lisandro ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wa ya bar wannan?"

Doña Fermina ta ɗauki guntun itace ta juya shi. "Bahago ne, ka ga yadda saran ya karkata. Ban san shi ba. Shi ma bai san ka ba."

Washegari ƙarar gatari ce ta tashe mu, kuma ba Doña Fermina ba ce, Lisandro ne. Haka ya yi a bukka ta uku, haka a ta huɗu, har tafin hannunsa ya yi kanta. Ya riƙa ɗaukar mata jaka, ya riƙa haɗa mata mate da ɗaci yadda take so. Ta karɓi duka. Ni da na daɗe da ita na san abin da take jira, amma ba hurumina ba ne.

Rana ta biyar muka sauko ta filin ciyawa, garken guanako, dabbobin daji masu kama da ƙananan raƙuma, na kallonmu daga nesa, har ƙofar shingen da mota ke jira. Lisandro ya matso kusa da ita.

"Doña, zan gaya wa maigida kina iyawa. Zan ce ma ba a yi kamarki ba."

"Na san ina iyawa," in ji ta, tana kakkaɓe lakar takalminta.

Don Evaristo, wanda ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya sauko. "Haba abokina! Ka sare rabin daji, kalma ɗaya ce ta fi maka gatari nauyi? A gabanmu ka zuba, ai a gabanmu za ka kwashe."

Lisandro ya dubi ƙasa, ya dubi baƙin nan shida, ya dube ni. Sannan ya cire hularsa.

"Doña Fermina, na ci mutuncinki a gaban mutane a kan abin da ban sani ba. Laifina ne. Ki yafe mini."