Sunan da Jagora Ya Goge

Gyara dubu talatin da ɗaya da ɗari huɗu. Jagora ya haddace wannan adadi kamar lambar wayarsa, domin kullum da safe, kafin ya kunna injin shagonsa na buga takardu, sai ya leƙa shafinsa ya ga nawa ya ƙaru. Shekara shida ke nan yana riƙe da ƙungiyar masu rubuta kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke karantawa kyauta, kowa kuma ke iya gyarawa. Aikin sa kai ne, babu albashi. Amma duk shekara akan duba wanda ya fi yawan gyara a ba shi shugabanci, kuma duk shekara kujerar ba ta motsawa daga ƙarƙashinsa.

Sai ga shi bana Sakatariya, wata tsohuwar malamar makaranta da ba ta san wasa ba, ta turo saƙo a zauren ƙungiya na waya: "Ranar Asabar za mu auna da sabon ma'auni. Ba yawan gyara kaɗai ba, har da wanda aikin ya amfana. Ga somin taɓi."

Ya buɗe jadawalin. Sunan da ke sama ba nasa ba ne. Na Auta ne, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aikin jinya a asibitin yara.

Gyaranta duka duka ɗari huɗu da 'yan kai. Amma maƙalarta guda, kan abin da za a yi wa yaron da ruwan zafi ya ƙona kafin a isa asibiti, mutum dubu casa'in suka karanta. Shi kuwa ya rubuta maƙala dubu biyu kan koguna da duwatsun duniya, kowace layi biyu, wadda ta fi kasuwa a cikinsu mutum ɗari biyu da sha biyu suka leƙa. Yana kyautata zaton rabinsu shi ne.

Auta fa! Yarinyar da ya zaunar a kan wata kujerar roba, ya nuna mata inda ake dannawa. Ranar farko ta goge shafi sukutum, ta ɗora hannu a ka tana kuka wai ta lalata intanet.

Wayarsa ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Tafi, furanni, barka. Sai Direba, mai tasi kuma sarkin tsokanar ƙungiya, ya turo hoton wani shafi nasu mai suna "Wa Ya Kawo Ka?" Al'adarsu ce duk wanda ya shigo a rubuta sunansa a ƙarƙashin wanda ya koya masa aiki, in ya daina zuwa a cire. A ƙarƙashin Jagora suna ɗaya ne ya rage, na Auta. Sauran tara da ya taɓa kawowa duk sun gudu, don da sun yi rubutu yake bi ya soke. A ƙarƙashin Auta kuwa mutum sha ɗaya ne reras.

Direba ya rubuta: "Ranka ya daɗe, reshe fa ya fi uwar bishiya ganye!"

Aka cika zauren da dariya.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci shago, ta tarar ya buga wa wani mutum takarda a juye har kwafi ashirin.

"Baban yara, lafiya? Ka ga abin arzikin da Auta ta yi kuwa? Maƙwabciyarmu ma ta ce da rubutunta ta yi amfani ranar da shayi ya zube wa ɗanta."

"Na gani."

"To ka saki fuska mana. Yanzu duk inda ka shiga sai a ce ga yayan Auta."

Ya ajiye cokali. "Yayan Auta? Ni? Da can ita ce ƙanwar Jagora."

"To, kowa da ranarsa," in ji ta, tana tattara kwanuka tana danne dariya.

Tana fita ya jawo kwamfuta. Ya buɗe shafin "Wa Ya Kawo Ka?" Ga sunansa, ga nata a maƙale a ƙasa, ga zugar mutanenta sun yi masa rumfa. Ba zai zauna ya zama tsanin da ake nunawa da yatsa ba. Ya yanke sunanta da duk reshenta, ya jefa su can gefe su tsaya da ƙafarsu. A gurbin da ake rubuta dalilin gyara ya sa: "Ita ta kawo kanta." Ya danna. Gyara na dubu talatin da ɗaya da ɗari huɗu da ɗaya. Ya ji sanyi a ransa na kusan minti biyar.

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu a ɗakin sama na laburare, mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. Mutum ashirin da wani abu. Auta ta shigo a makare da farin takalmin aiki, ta rusuna kusa da shi.

"Yaya, ina kwana? Na kira ka jiya sau biyu."

"Caji ya ƙare," ya ce, idonsa a bango.

Sakatariya ta haska jadawali a jikin bangon, ta gyara tabarau.

"Gida uku ne. Na farko yawan gyara, Jagora ya cinye, babu musu. Na biyu masu karatu, Auta ce. Na uku shi ne raba gardama, kuma da gangan ban sanar da shi ba, don kada a yi mini rige-rigen cusa sunaye. Shugaba ba da hannunsa kaɗai yake aiki ba. Duk wanda ka kawo ya zauna, aikinsa a lissafinka yake, har da na waɗanda shi ma ya kawo."



"Da na yi lissafi ranar Alhamis," ta ci gaba, "babu ma takara. Auta da mutanenta sha ɗaya da masu karatunta dubu casa'in duk a jakar yayanta suke. Amma doka ta ce shafin yadda ya kwana jiya za a ɗauka. Da na duba yau da safe, sai na ga an yi gyara."



Hannun Jagora ya riga tunaninsa. Ya sa waya a ƙarƙashin tebur, ya lalubo shafin, ya danna maɓallin mayar da gyara. Abin da ya manta shi ne Sakatariya ta riga ta buɗe tarihin shafin a bango don ta nuna hujja, kuma a kundin nan ba abin da ke ɓacewa. Ta sabunta shafin. Layi biyu suka fito manya-manya, duka da sunansa. Na jiya: "Ita ta kawo kanta." Na yanzu, daƙiƙa goma da suka wuce: ya mayar da ita.

Direba ne ya fara fashewa. "Ranka ya daɗe, ko tasi ba ta juyawa da sauri haka!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Auta ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon layin na jiya, sannan ta juyo.

"Yaya, ni na kawo kaina?"

"Kuskure ne. Hannu ne ya..."

"Hannu ya rubuta har da dalili?" Muryarta ba ta tashi ba. "Kai ka biya mini kuɗin mota ranar farko. Kai ka ce in daina kuka, a nan komai ana iya mayar da shi."

"Ban da lokaci," in ji Sakatariya. "Gyaran yau ya makara. Auta, kujera taki ce."

Aka yi tafi. Shi ma ya yi, tafin da ko sauro ba zai kashe ba. Auta ta tashi, ta ɗauki kujerar roba ta zauna gefen tebur, ta bar babbar kujerar shugaba a inda take. Aikin farko da ta raba shi ne koyar da sababbin shiga uku ranar Asabar mai zuwa, ta ce Yaya ne zai yi, da sharaɗin ba zai soke musu ko layi ɗaya ba sai ya zaunar da su ya yi bayani.

Da la'asar ya koma shago bai buɗe wa kowa ƙofa ba. Ya kunna kwamfuta ya nemo maƙalar ruwan zafin nan. Dole akwai kuskure a ciki, ko da guda ɗaya ne, kuma shi zai gano shi. Ya karanta daga sama har ƙasa. Ya sake. A karo na uku ya tsinci kansa yana ƙoƙarin tuna minti nawa ta ce a bar ƙunar a ƙarƙashin ruwan sanyi, saboda ƙaramar 'yarsa ba ta rabuwa da gindin murhu.

Ya ja tsaki ya rufe shafin. Sai a lokacin ya tuna cewa gobe da safe, in Sakatariya ta duba, masu karatun Auta sun ƙaru da mutum ɗaya.