Sunan Ɗan Fari

Madam Basira ta gidan likita ce ta tara matan unguwa a ƙofar mai unguwa, ta yi musu bayani tiryan-tiryan. "Ku zaunar da yaro, ku kira sunansa, ku dubi idonsa, ku ce kun san yana shan tiramol. Ban da zagi, ban da duka." Mata suka yi ta gyaɗa kai. Magana ce mai kyau, wallahi, ba wanda zai ce ba haka ba.

Da aka watse, Baiwa ta bi ta a baya tana murza bakin zane.

"Madam, in yaron na fari ne fa?"

"To sai me, Inna? Ba ke kika haife shi ba?"

Sai me! Tun da Baiwa ta haifi Munkaila sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Alkunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi. Kakarsa ce ta goya shi, ita ke masa faɗa, ita ke lallashi, kuma ta rasu bara. Uban yana Aljeriya, wayarsa sai ta ga dama take shiga. Yaro kuwa ya zama ɗan kabu-kabu, yana zirga-zirga tsakanin Matamaye da Tsauni, kuma gari duka ya san abin da yake haɗiya kafin ya hau moto, wato babur ɗinsa. Abokinsa Khalifa haka ya faɗi a hanyar Kurni, kumfa a baki, ba a isa likita da shi da rai ba. Tun ranar tsoro bai bar Baiwa ba.

Washegari da safe ta dama koko ta ajiye wa Munkaila, ta ƙi komawa madafa. Ya ɗago kai da mamaki.

"Kai..." in ji ta.

"Na'am, Iya."

Ta ɗan dubi idonsa, ja wur, sai ta mayar da nata ƙasa. Maimakon abin da Madam ta faɗa, ta ce:

"An ce hanyar Kurni ta lalace."

"Ai ba can zan bi ba."

Ya sa hannu aljihu, ya juya mata baya, don yaro ne mai ladabi, ya kora ƙwayar da sauran kokon. Tana kallo. Ya turo moto ya bi ta zaure.

Sai ga Baiwa ta biyo shi har titi, ba mayafi, ba takalmi. Ya riga ya hau.

"Munkaila!"

Muryar ta fito siririya, ita kanta ba ta gane ta ba. Ya taka burki. Ya dubi rumfar mai shayi, ya dubi samarin da ke gindin dalbejiya, ya leƙa har lungun masallaci. Idonsa ya bi ta kanta ya wuce, sannan ya dawo.

"Iya, ba ki ga wanda ya kira ni ba?"

Mai shayi na kallo, maƙwabta sun leƙo.

"Ban gani ba," in ji ta.

Ya ɗaga kafaɗa, ya murza moto, ya nufi tasha a guje.