Garin Bulon Ƙofar Kudu

Frau Pohlmann ta zura ɗan yatsa cikin ramin da ke jikin bangon coci, ta fito da shi ya yi ja.

"Herr Dähn, wannan kwanan nan aka karce shi."

Eckhard Dähn ya sunkuya ya duba kamar bai taɓa ganin bangon ba, alhali shekara talatin mabuɗin cocin na aljihunsa. Ƙasan ginin duwatsun gona ne, waɗanda manoman farko suka tono shekara ɗari bakwai da suka wuce, suka rasa inda za su zubar. Ƙofar kudu kuwa da jan bulo aka zagaye ta, kuma bulon cike yake da ƙananan ramuka kamar gurbin dara. Mutanen da ne suka kankare su. Idan wani ya kwanta ciwo, sai a karto garin bangon a zuba masa a abinci.

"Iska ce," in ji Eckhard.

"Iska ba ta zuwa da cokali." Frau Pohlmann ta hukumar adana tsoffin gine-gine ce, ba ta da wasa. "Zan dawo ran Litinin. In na ga ramin ya ƙaru, zan sa a kafa shingen ƙarfe a rufe ƙofar. Ku riƙa shiga ta hasumiya."

Ta hasumiya! Ƙofar da ko tsani sai an karkata shi yake shiga. Ta ƙofar kudu ake shiga da kowace amarya a ƙauyen, ta nan ake fitowa da kowace gawa. Eckhard kuma yana da dalilinsa na damuwa da faɗin ƙofa, domin tun hunturu likitocin birni suka yanke masa ƙari a hanji, kuma har yanzu ba su ce masa ya tsira ba. Ba ya son a karkata shi kamar tsani.

Da rana ya zauna cin abinci yana huci. Matarsa Irmtraud ta ajiye masa miyar dankali.

"Baƙin nan ne na Berlin," ya ce. "Sun sayi gidan makaranta, yanzu sai su cinye mana coci. Wallahi in na kama mutum..."

"Ci kafin ta huce."

Ya kai loma, wani abu ya yi ƙaras a haƙorinsa. Watanni ke nan yana jin tsakuwa a miya. Ya ɗauka idonta ne ya fara rauni ba ta wanke dankalin da kyau, kuma da yake shi mai tausayi ne, sau biyu kawai yake faɗa a mako.

"Yashi kuma, Traudel," ya ce, da sunan da yake kiranta a gida.

"Haƙoranka ne."

Da la'asar ya ɗauki kujerar naɗewa ya kafa bayan babbar bishiyar maƙabarta, inda yake hango ƙofar ba a hango shi. Wannan mutum ne da ya taɓa kai ƙarar mai raba wasiƙu saboda ya jingina keke a bangon cocin. Ya daɗe zaune. Kyanwar maƙwabta ta wuce. Mutumin Berlin ya wuce a guje da gajeren wando, bai ko kalli cocin ba, abin da ya ƙara ɓata wa Eckhard rai.

Sai ga Irmtraud da butar ban ruwa. Ta shayar da furannin kabarin iyayenta, ta cire ciyawa biyu. Daga nan ta nufi ƙofar kudu, ta waiga hagu da dama, ta ciro ƙaramin cokalin shayi daga aljihun rigarta. Cokalin aurensu ne, na azurfa. Ta tara hankici a ƙasa ta fara karta a natse, irin ta wadda ta saba.

Eckhard ya taso, kujerar ta kife.

"Traudel!"

Ba ta firgita ba. Ta naɗe hankicin tukuna.

"Ka sa hula, akwai sanyi."

"Ke ce? Ke da rabonki da addu'a tun kafin a rushe katangar Berlin? Ke da kike cewa fasto ba shi da aikin yi?"

"Har yanzu ba shi da shi. Ni ban yarda da abin nan ba."

"To me ya kawo ki?"

"Kakata ta yi wa kakana."

"Ya warke?"

"Ya mutu." Ta sa cokalin a aljihu. "Bayan shekara ashirin."

Eckhard ya dubi ramin. Ya yi zurfi ƙwarai, babban yatsa zai shige har gaɓa. Duk wannan garin shi ya cinye a miya. Ya buɗe baki zai yi maganar shinge da Frau Pohlmann da ƙarni na goma sha huɗu, sai ya ga ta ƙanƙame hankicin kamar za a ƙwace mata shi. Tun ranar da aka yi masa aiki bai ga ta yi kuka ba, har ya ɗan ji haushin hakan a ransa. Yanzu ya gane tsoro ne ya cika ta, kuma tausayinta ya kama shi.

"Likitocin sun yi nasu," ta ce. "Ni miya kawai na iya. Me kake so in yi, in zauna ina kallonka?"

"Za su rufe ƙofar, Traudel."

"Su rufe. Ni ba na shirin fitar da kowa ta nan."

Ya ciro mabuɗin, ya buɗe ƙofar, tsohon ƙyauren katako ya yi ƙara kamar kullum. Ya shiga ya leƙa bayansa. Bulon gefen ciki lafiya lau yake, ja, ba wanda ya taɓa shi, kuma Frau Pohlmann ba ta taɓa leƙa wurin ba saboda yanar gizo-gizo.

"Na nan ma na ƙofa ne?" ya tambaya.

Irmtraud ta duba da kyau. "Na ƙofa ne."

"Kawo cokalin. Ke hannunki ya cika nauyi." Ya durƙusa da ƙyar, ya tara hankicin. "Kuma ki riƙa tankaɗewa. Haƙora huɗu suka rage mini."